Ranar da Ƙafar Kawu Ta Yi Sanyi

Kwana ukun nan na zaman makoki sun ba ni wuya. Ba zaman tabarma ba ne, duk da bayana ya ƙage. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in zauna ina cewa amin ga maganganun da na san ba haka suke ba.

Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida, ya rasu ranar Litinin bayan la'asar. Washegari da hantsi muka kai shi. Daga nan aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Makera, mutane suka yi ta zuwa.

Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri. Ai ya yi kyakkyawan ƙarshe, an ce tun hantsi ake karanta masa Yasin." Na ce masa haka ne. Wani kuma ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga murya ba. Kawu? Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a gabansa yana da laifi ba. Ga mai kemis ɗin layinmu, wanda Kawu ya taɓa kora daga gidan maƙwabci da sanda, shi ne a sahun gaba, yana share ido, ya ci shinkafar sadaka sau biyu.

Waɗanda na ga kukansu na gaskiya ne su ne wasu tsofaffin mata uku, Kiristoci, biyu 'yan Filato ɗaya 'yar Binuwai, da suka yi aiki da shi a asibiti. Sun zo ba su san inda za su zauna ba, suka tsaya a bakin zaure da jakunkunansu. Babu wanda ya tashi ya nuna musu hanya sai ni. Ɗayarsu ta ce mini, "Baba mai gado ya tafi." Ita kaɗai ta kira shi da sunan da ya dace da shi.

Na san ajali. Ba da Ubangiji nake faɗa ba. Da mutane nake, har da ni kaina, har da shi marigayin. Kuma da a ce maganar ta tsaya a kabari, da na yi shiru. To ba ta tsaya ba. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana cikin gidan tana takaba, ƙafafunta a kumbure, ita ma zuciyarta ba lafiya, kuma mutanen da suka zauna suna kallon Kawu su ne yanzu ke da iko da ita. Shi ya sa nake rubuta wannan, ni da na bar makaranta a aji huɗu.

Kawu ba likita ba ne, ba nas ba ne. Shekara talatin ya yi yana tura gadon marasa lafiya a ɗakin gaggawa, wanda kowa ke kira imajensi. Shi ne mai fitowa da gudu in mota ta tsaya, ya ɗora mutum, ya tura shi ciki. Amma yana da ido, kuma ba ya mantuwa. Abin da ya ga likitoci na yi shekara da shekaru ya zauna masa a kai, ya dawo da shi unguwa, ya hana kowa sakat.

In ka miƙa masa hannu za ku gaisa, ba ya sakin ka. Sai ya zame yatsunsa zuwa wuyan hannunka ya yi shiru yana jin bugun jininka. Ko ranar Sallah haka yake yi. Ya taɓa riƙe hannun wani baƙo da ya zo neman auren 'yarsa, ya ce masa, "Kai, kana shan taba." Auren dai an yi, amma mutumin bai sake miƙa masa hannu da daɗin rai ba.

Yadda yake yi mana bayanin zuciya, da injin ban-ruwa yake yi. Ya ce in inji ya yi rauni, gonar da ke nesa ita ke fara bushewa. Haka jiki yake. In zuciya ta kasa tura jini, hannu da ƙafa su ke fara yin sanyi, mutum ya jiƙe da zufa mai sanyi, bugun jininsa ya yi sauri amma ba ƙarfi, hankalinsa ya fara gushewa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Sanyin ƙafa ba mutuwa ba ce, jini ne bai kai can ba. Ku ɗauko shi tukuna, ku yi addu'ar a mota."

Ya ce abin iri biyu ne, kuma jahili ne kawai ke haɗa su. Akwai wanda jininsa ya zube, kamar tanki ya huje. Wannan a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a rufe shi, a danne inda jinin ke fita. Akwai kuma wanda injin ne ya gaza, yana riƙe ƙirji yana haki. Wannan a jingina shi a zaune don ya sami numfashi. Dukansu kada a ba su komai ta baki, kuma dukansu asibiti, yanzu-yanzu.

Da wannan ya yi ta faɗa da mutane. Akwai ranar da wani tela a layinmu ya yanke jiki ya faɗi, mutane suka zo da bokiti suna sheƙa masa ruwa. Kawu ya fito daga masallaci ya yi ƙwallo da bokitin har cikin kwata. "Wanki kuke yi? Mutum na rawar sanyi kuna ƙara masa!" Ranar da ya kori mai kemis kuwa, wata tsohuwa ce mai ciwon zuciya, ya same shi ya rataya ledar ruwa a ƙusar bango yana ɗura mata. Kawu ya ce zuciyar da ta kasa tura abin da ke jikinta, in ka ƙara mata ruwa, huhu zai tafi, mutum ya nutse a kan gadonsa. Mai kemis ya ce, "Baba, kai fa lebura ne." Nan ne sanda ta fito.

Ba shi da daɗin zama, wannan gaskiya ce. Bai taɓa kirana da sunana ba in akwai zagi a kusa. Jaki shi ne sunana a bakinsa har na yi furfura. Bai iya godiya ba, bai iya karɓar ta ba.

Lokacin da matata ta haifi ɗanmu na biyu, a gida ta haihu, da rana tsaka. Ni ina waje muna maganar ragon suna. Ashe jini ya ɓalle mata. Matan da ke ɗakin suka ce ai jinin biƙi ne, a dafa ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa ta sha ta yi ƙarfi. Kawu ya zo yin barka, ya ga zanin da aka fito da shi za a jiƙa, bai yi sallama ba ya faɗa ɗakin masu jego. Mata suka yi ta salati suna rufe jiki. Ya taɓa ƙafarta, ya karɓe kofin kunun daga hannun surukata ya watsar a tsakar gida. Ya sa aka kwantar da ita, ya tura buhun masara ƙarƙashin ƙafafunta, ya nuna wa ungozoma inda za ta murza mata mara da ƙarfi, ya ƙwala mini kira in kawo mota. A asibiti shi ya fara miƙa hannu aka ɗibi jininsa. Ta rayu. Tana nan, ita ta dafa abincin sadakarsa.

Bayan kwana biyu na je na durƙusa zan yi masa godiya. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Matarka na tsiyaya kana waje kana taya rago. Tashi ka ba ni wuri." Surukata kuwa ta mutu ba ta yafe masa kunun nan ba.

Mutum ɗaya na san yana yi wa magana a hankali, ita ce Inna. Tun da aka gano tana da ciwon zuciya, kullum bayan asuba sai ya zauna a bakin gadonta ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya duba ko wurin ya lotsa. Shi ke ɓare mata magani, ya tsaya sai ta haɗiye. Shi ya hana gishiri da dunƙulen miya a tukunyarta, har 'yan gidan suka yi ta gunaguni. Duk wata yakan sa ta a keke mai ƙafa uku ya kai ta wurin likitan zuciya, ko ana ruwa.

To shi kuma fa? Shi ma yana da hawan jini, an ba shi magani. Wata biyu kafin rasuwarsa na shiga ɗakinsa neman tabarma, na tarar da kwalayen maganinsa a bayan akwati, ko buɗe su bai yi ba. Raina ya ɓaci. Na kwaso su na same shi a majalisarsu ta ƙofar masallaci, na zube su a gabansa. Kuskurena ke nan, a gaban abokansa na yi. Na ce, "Kawu, wannan fa? Kai mai yi wa kowa wa'azi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai za ka koya mini asibiti? Direban masara? Na ɗauki gawar da ta fi gashin kanka yawa. Na san jikina."

Na ce, "Ka san jikin kowa dai, ban da naka."

Ya ce in ɓace masa da gani, kuma kada in sake shigar masa ɗaki tun da ba ubana ya gina ba. Abokansa suka yi dariya. Ni kuma na yi zuciya. Shekarata hamsin da ɗoriya, na yi fushi kamar ƙaramin yaro, na daina zuwa gidan. Har yau ina jin haushinsa a kan maganin nan. Mutuwa ba ta goge shi ba.

Ranar Litinin ɗin ina Kakau, muna loda masara a a-kori-kurata. Waya ta yi ƙara, na ga Inna ce. Na ce a raina, za ta sake cewa in zo in ba Kawu haƙuri, na mayar da wayar aljihu. Sau biyar ta kira. Sau biyar ina gani. Sai da matata ta kira, wajen sha biyun rana, ta ce, "Ka bar abin da kake yi. An ce Kawu na gargara."

Na bar rabin buhunan a ƙasa. A Gonin Gora gosulo ya riƙe ni, na hau gefen titi, masu talla suna zagina. Ban isa Makera ba sai da aka fara kiran azahar.

Abin da na tarar shi ne wannan. Takalma cike da ƙofar ɗaki. An kwantar da Kawu a kan tabarma, an juya shi ya fuskanci gabas. Mutum huɗu suna karatu. Babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, yana zaune a wajen kansa yana ɗiga masa ruwan zamzam a baki da auduga, yana laƙanta masa kalmar shahada. Yaya ɗan kasuwa ne, ya je Makka sau biyu, shi ne babba a gidan. A al'ada abokin wasana ne, tun da ɗan kawuna ne, amma ni da shi ba mu taɓa wasa ba.

Inna na bayan labule. Da ta gan ni ta kama rigata. Ta ce tun hantsi ne, bayan ya karya kumallo, ya dafe ƙirji ya ce kamar an ɗora masa dutse, zufa ta karyo masa. Ta ce a kai shi asibiti. Yaya ya zo, ya taɓa ƙafarsa ya ji ta yi sanyi har gwiwa, wani dattijo ya ce ai rai daga ƙafa yake fara fita, an gama. Da ƙirjinsa ya fara kurkur, suka ce gargara ce. Ta ce, "Na faɗa musu abin da yake faɗa kullum. Suka ce in koma ciki in yi salati."

Na tsallake masu karatu na durƙusa. Na kama wuyan hannunsa kamar yadda na ga yana yi. Da ƙyar na ji, amma yana nan, yana bugawa da sauri kamar na tsuntsu. Leɓensa ya yi toka-toka. Na tallabo shi na jingina shi da ƙirjina, sai na ji numfashin ya ɗan sauƙaƙa.

Yaya ya ce, "Me kake yi haka? Mayar da shi."

Na ce, "Asibiti za mu."

"Ba ka ganin halin da yake ciki? So kake ya cika a titi, ba shahada a bakinsa? Shi da kansa ya ce ba ya so ya mutu a kan gadon da ya tura."

Gaskiya ne, Kawu ya taɓa faɗin haka. Ya kuma taɓa cewa zai sayar da gidan ya koma ƙauye, ya taɓa cewa zai tsine mana duka. Mutum ne mai faɗin abubuwa.

Na ce, "Yaya, da ransa."

Ya ce, "Kai ɗan mace ne. Ba ka da ta cewa a gidan nan. Wata biyu ina kake?"

Wannan ta same ni, don ba ƙarya ya yi ba. Na sunkuci Kawu kawai. Wani daga masu karatu ya tare ƙofa, na ce masa wallahi in bai kauce ba zan bi ta kansa. Ya kauce. Ina fita ina jin Yaya na cewa, "Ku shaida, in ya mutu a hanya, a wuyansa."

Na zaunar da shi a gidan gaba, na ɗaure shi da bel, na tallafe shi da hannu ɗaya ina tuƙi da ɗaya. Ina tsoron ramuka, sai na riƙa lallaɓawa. Can ya buɗe ido kaɗan. Na zaci shahada zai yi, ko ya ce ya yafe mini. Ya ce, "Taka motar, jaki." Ban sake jin muryarsa ba.

A ƙofar imajensi ban ga mai tura gado a kusa ba, ni na janyo gadon na ɗora shi. Ashe abin nan ba ya tafiya yadda kake so. Sau biyu na buga shi da bango. Wata babbar nas, wadda ake ce wa Sista, ta leƙo, ta dube shi ta ƙwala ihu, "Baba ne!" Ashe tana yarinya ta same shi a wurin.

Na ga aiki ranar. Kafin in juya sun ɗaga kan gadon, sun rufe masa hanci da baki da abin iskar oksijin. Suka ɗaura abin awon jini, ya ƙi nuna komai, suka sake, ya nuna ɗan kaɗan. Jijiyoyinsa duk sun kwanta, sai da suka huda shi wuri huɗu kafin su samu. Suka manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, likita ya duba ya cije baki. Ba su ɗura masa ruwa da yawa ba. Wata ƙaramar leda suka rataya mai magani, tana ɗiga a hankali, likita ya ce don ta taimaki zuciyar ta ɗaga jinin. Suka sa masa robar fitsari. Sista ta yi ta duba jakar, ba ko ɗigo.

Ta zo ta tsaya a gabana. "Tun yaushe ya fara?"

Na ce, "Tun hantsi."

Ta dubi agogon bango, ta dube ni. "Kuna ina?"

Na ce ana yi masa karatu, don ƙafarsa ta yi sanyi.

Ta ce, "Mutumin da ya koya mini in taɓa ƙafar mara lafiya kafin in taɓa takardarsa? Shi kuka yi wa haka?" Ta tafi ta bar ni a tsaye. Ban ce mata ba ni ba ne, don ni ma ina ciki.

Likita ya yi mini bayani a gurguje. Ya ce jijiyar da ke ciyar da zuciyar ce ta toshe, wani sashe na naman zuciyar ya mutu, sauran ya kasa tura jini, ƙoda ta tsaya, huhu ya cika da ruwa. Kurkur ɗin da suka ce gargara ce, ruwan huhu ne. Bayan la'asar zuciyar ta tsaya. Suka yi ta danna masa ƙirji suna karɓa-karɓa, Sista har hularta ta faɗi. Daga baya likita ya ce su bari. Ni na rufe masa ido, na yi masa addu'ar da na iya.

Na tare likitan a baranda na ce ya gaya mini tsakani da Allah, da an kawo shi da hantsi, da ya tashi? Ya ce, "Ba zan rantse maka ba. Irin wannan, ko an kawo da wuri, wasu suna tafiya. Amma da mun sami zuciyar da za mu yi aiki da ita. Ku kun kawo mana ragowarta."

Yaya ya iso bayan an gama. Ya yi kuka sosai, ba na hana shi wannan. Ubansa ne, yana son sa, kuma abin da ya yi ya yi ne yana ganin alheri yake yi masa. Amma a zaman makoki na ji yana gaya wa mutane cewa da an bar tsoho ya cika a ɗakinsa cikin salama, ba a je an yi ta huda shi ba. Na haɗiye. Kwana biyu ina haɗiyewa.

Ranar Laraba aka yi addu'ar uku. Bayan la'asar mutane suka ragu, na shiga gaida Inna. Tana zaune a bakin gado, ta kasa kwanciya. Daga gado zuwa ƙofa sai da ta huta. Na danna ƙaurinta, yatsana ya nutse, ramin ya ƙi tashi. Na tambaye ta magani, ta ce ya ƙare tun ranar Lahadi, da ma ranar Alhamis ɗin nan ce Kawu zai kai ta a duba ta a sake rubuta mata. Na duba kwanon abincinta, shinkafar sadaka ce, gishiri kamar a bakin teku.

Na fito zaure. Yaya na nan da liman da wasu dattawa biyu. Na ce gobe zan kai Inna asibiti.

Yaya ya ce, "Takaba take yi. Wata huɗu da kwana goma ba ta taka waje."

Na juya ga liman. "Malam, don Allah a gaban kowa, mace mai takaba in ba ta da lafiya, addini ya hana ta ganin likita?"

Liman ya gyara zama. Ya ce a'a, lalura ce, tana iya fita neman magani ta dawo ta kwana a ɗakinta, babu laifi. Sai ya dubi Yaya, ya ƙara da cewa amma dai gara 'yan'uwa su daidaita a tsakaninsu. Ga gaskiya ya faɗa, ga shi kuma yana neman inda zai ajiye ta kada ta ƙona shi.

Yaya ya ce, "Ba a taɓa yi a gidanmu ba. Kwana uku da rasuwar miji a gan ta a titi? Me za a ce da mu? Na riga na yi magana da mai kemis, zai zo ya sa mata ruwa ta ji ƙarfi."

Nan na daina haɗiyewa. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce awa huɗu suka zauna suna kallon mutum da ransa suna jiran ya mutu. Na ce ni ma sau biyar aka kira ni na ƙi ɗauka, kuma zan tashi da wannan ranar kiyama, amma ba zan ƙara wani a kai ba. Na ce in mai kemis ya rataya leda a ɗakin Inna, ni da shi sai ofishin 'yan sanda. Dattawa suna ta "Subhanallahi, a gidan makoki?" Na ce e, a gidan makoki, da ma a nan ya kamata a faɗa.

Yaya ya miƙe. Ya ce, "Uwata ce, ba taka ba. In ka fita da ita daga gidan nan, babu ni babu kai har abada."

Na ce na ji. Na sa takalmina na tafi gida.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa bakinsa da taurin kansa, Ya saka masa da duk wanda ya tura da gudu aka cece shi. Mu kuma Ya yafe mana abin da muka yi masa.

Washegari da safe ƙarfe bakwai na wanke gidan gaba na motar, na sa matashi biyu, na ɗauki matata muka tafi Makera. Na shirya yin rigima, na kuma shirya lallashin Inna, don na zaci za ta ce tana jin kunyar idon mutane. Da muka shiga, na same ta zaune a kan kujera a bakin ƙofarta, ta sa hijabi, katin asibiti a hannunta. Ta ce, "Tun asuba nake jiranka."

Muka kama ta ni da matata, taku uku mu tsaya ta huta. Yaya na zaune a zaure da carbi. Na yi masa sallama bai amsa ba. Inna ta tsaya a gabansa tana haki, ta ce, "Zan je in dawo. A ɗakina zan kwana." Bai ɗago kai ba, amma ya janye ƙafarsa daga hanya.

Maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Na zaunar da ita, na jingina ta da matasan, na ɗaura mata bel. Na zagaya na shiga, na tayar da mota, muka kama hanyar asibiti.